Zugun da Yaya Ya Saƙa wa Kansa

In ana neman wawan wannan labari, kada kowa ya wahalar da kansa, ga ni nan zaune. Na faɗa da bakina tun kafin a faɗa mani, domin wanda ya riga ka zagin kansa ya rage maka aiki. Shekara saba'in da 'yan kai, furfura har a gira, ga ilimin aji huɗu na elemantare da na yi shekara hamsin ina razana mutanen unguwa da shi, amma duk wannan bai hana ni tafka abin da mahaukacin kasuwa ma zai ji kunyarsa ba.

Yayana ne ya rasu, wanda muke ciki ɗaya, masaƙi na ƙarshe a layinmu na Ƙofar Marusa. Na ɗauki alƙalami ne don kada a manta da shi. Da so samu ne, alherinsa kawai zan rubuta in tsallake kaina. To amma zare ɗaya ya ɗinke mu, in na zare nawa, nasa ma warwarewa zai yi.

Kwana uku muka yi a kan tabarmi a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa. Limamin unguwa ya ce shekara arba'in bai taɓa juyowa bayan sallama ya rasa Yaya a sahun farko ta hannun dama ba. Wani tsohon dillali ya zo da sanda daga Ƙofar Sauri, ya zauna ya yi ta share ido da bakin riga, ya ce gwadon da ya saya a hannun Yaya ranar aurensa har yau shi yake rufa da shi, matar ma ta rasu, gwadon na nan. Maƙwabcinmu mutumin Filato, tsohon ma'aikacin ruwa, wanda ya fi shekara talatin katangarsa na jingine da tamu, ya zauna a bakin tabarma kwana ukun nan cur. In an ɗaga hannu ana addu'a sai ya sunkuyar da kai ya yi tasa. Ba wanda ya ce mashi tashi, ba wanda ya ce mashi matso.

Ni kuwa in an zo kaina sai murya ta canza.

"Malam Tafinta, ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah shi jiƙan shi. To, ko ba komai dai ya tafi da rawaninshi."

Mutum na farko da ya faɗi haka na ɗauka suɓutar baki ce. Da na ji ta a bakin na biyar, sai na tabbata labari ya riga ya zaga Katsina ya dawo. A rana ta biyu kuma, ana tsakiyar fatiha, sai ga wani da waya a kan doguwar sanda, ya tsaya a kanmu ko sallama babu, yana tambaya wai ina Baba Tafinta, an ce mashi shi ke shirya wa baƙi kallo, yana son ya ɗauki yadda ake zaman makoki na gargajiya. Wai ko za mu ɗan matsa cikin rana, inuwa na ɓata hoto. Liman ya juyo. Ni ya kalla. Da ƙasa tana da ƙofa, da ranar na bi Yaya ciki.

Ga abin da mutane ke nufi da maganar rawani. Yaya ya saƙa wa kansa likkafani da hannunsa, burinsa ɗaya a duniya a naɗe shi a ciki. Ni na hana. Yadda aka yi kuwa, sai an san shi tukuna.

Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Da mahaifinmu ya rasu shi ya gaji masaƙa, ni kuma ya kama hannuna ya kai ni makarantar boko, ya ce gida ɗaya ba ya buƙatar masu ranƙwafaffen baya biyu. Na yi aji huɗu na ce na ƙoshi. Bai doke ni ba. Ya dai dube ni ya ce, "To, ka sha rabin magani. Allah shi sa kada shi fi ciwon illa." Na daɗe ina ɗauka addu'a ya yi mani.

Rumfarsa na gefen zaure, zarensa a miƙe har wajen bakin masallaci, an ɗaure ƙarshensa a jikin katakon nan mai dutse a kai da masaƙa ke kira kunkuru. In ƙoshiya na hannunsa yana jefa ta tsakanin zare, ko hakimi ne ya yi sallama sai ya jira ya kai inda zai tsaya. Yana da 'yar rediyo rataye a ginshiƙin rumfa, da ita yake yi wa shugabannin duniya faɗa. In aka ce wata ƙasa ta kai wa wata hari, sai ka ji ya ce, "Kai ma dai da neman magana kake," kamar ɗan maƙwabci ne ya jefi kaza. Tabaransa ƙafa ɗaya ta karye, ya ɗaure da zare. Yana zama a kan tsohon kushin ɗin mota saboda ciwon baya. Ku riƙe waɗannan abubuwa uku, za mu dawo kansu.

Maganarsa ba yawa, amma in ya yi ta tana kwana a jiki. Yakan ce, "Zare ba ya rufa wa kowa asiri. Inda ka yi gyangyaɗi, nan zai nuna, ko bayan shekara ashirin." In mai saye ya cika taya kaya da wulaƙanci, ba ya musu, sai ya naɗe abinsa ya ce, "Bari dai mai shi ya zo."

Duk matar da ta haihu a layinmu kuwa, kafin suna majanyi ya iso mata daga rumfar Yaya, kyauta, mai ratsin baƙi biyu a baki. 'Ya'yan maƙwabcinmu mutumin Filato su biyar duk da majanyin Yaya aka goye su. Wani mai tsurku ya taɓa yi mashi magana a kan haka. Yaya ya ce, "Jariri bai san coci ba, bai san masallaci ba. Bayan uwarshi ya sani."

Sai maganar zugu, wato farar saƙar hannu da mutanen da ke suturta mamaci da ita kafin yadin kanti ya cika gari. Matar Yaya ce ta kaɗa zaren. Tsakanina da ita wasan ƙanin miji ne da matar wa, ina ce mata matarmu, shekara hamsin muna fafatawa, ban taɓa cin ta ko sau ɗaya ba. Audugar daga 'yar gonarsu ta fito. Shekara bakwai tana murza mazari a tsakar gida, duk zaren da ya yi kauri ta ware shi gefe, sai siriri kamar gashi take tara mashi. Shi kuma ba ya taɓa wannan saƙa sai da safe, da alwala, rediyo a kashe. Da ya gama ya haɗa da allura ya yi manyan mayafai, ya bar dogon ƙyalle guda na rawani. Ya naɗe duka a tsohon zane ya sa a adaka a ƙarƙashin gado. Sau ɗaya a shekara, in damina ta ɗauke, yake fito da shi ya sha iska a kan igiya.

"Na yi shekara sittin ina tufatar da mutane," in ji shi, "ba zan je gaban Ubangijina da yadin kanti ba."

Ana nan, sai baƙi suka fara zuwa.

Kada in yi ƙarya, masu yawon buɗe idon da ke zuwa Katsina ba wasu masu yawa ba ne. Amma ɗigon manja ɗaya ya isa ya ɓata farar riga. Za su je su ga hasumiyar Gobarau, su tsaya a gindin abin da ya saura na ganuwa, daga nan sai su ce a kai su wurin masu sana'ar gargajiya. Turawa jifa-jifa, 'yan Legas da Abuja, ɗalibai cike da bas, sai kuma mafi muni, 'ya'yanmu na cikin gari masu waya a kan sanda, waɗanda kakanninsu masaƙa ne amma suke kallon masaƙa kamar sun ga raƙumin dawa.

Lokacin na ajiye aikin masinja, ina zaune ba abin yi sai gardama a majalisa. Ran nan wani direba ya tsaya ya ce wa ke jin Turanci a nan. Kafin kowa ya yi tari na miƙe. Turancina kuwa ginshiƙi uku ke riƙe da shi: welkam, beri ol, tankiyu. Sauran duk hannu ne da gira. Tun daga ranar sunana ya ɓace, na koma Malam Tafinta.

Na gano da wuri cewa baƙo ba gaskiya ya zo nema ba, tsufa ya zo nema. Sai na shiga raba wa kowa shekaru. Yaya yana da tamanin da ɗoriya, na kai shi ɗari. Da na ga sun ji daɗi na ƙara mashi ashirin. Masaƙar da kafinta ya gyara mashi bara waccan, na ce tun kakanni bakwai ake gadonta.

"Mi ka ce masu suke ta buɗe baki?" in ji Yaya.

"Na ce kana gaishe su."

"Gaisuwar tawa ta yi tsawo."

Kafin shekara biyu layinmu ya koma gidan wasan kwaikwayo, kuma ni ne mai gabatarwa. Maƙerin da ya koma walda tun shekara ashirin ya je ya tono zugazugan ubansa, in an ce ga baƙi sai ya zauna yana dukan ƙarfe mai sanyi. Wani da ya kashe kuɗi ya yi wa zaurensa siminti, ya dawo ya yaɓe shi da laka ta sama. Mata suka koyi ɓoye bokitin roba su jera ƙore. Na ga wata baiwar Allah da idona, hatsinta na can wurin inji, ita kuma tana nan ƙofar gida tana dakan turmi ba komai a ciki, har da jefa taɓarya sama tana tafi. Ni na sa ta. Baƙi kuwa ba sallama, ba cire takalmi, kowane labule a ganinsu an rataye shi ne don su ɗaga. Akwai wanda ya iske Yaya yana alwalar la'asar, ya ce in gaya mashi ya sake daga farko, wayarsa ba ta kama wankin fuska ba. Kuma na gaya mashi. Wallahi na gaya mashi. Yaya ya ɗauki butarsa ya shige masallaci bai waiwayo ba.

A rumfarsa kuwa, in baƙi na tafe, sai in riga su isa. In sauke rediyo in tura a aljihu. In janye kushin in shimfiɗa buzu. In zare mashi tabarau, domin wa ya taɓa ganin ɗan shekara ɗari da ashirin da tabarau? Haka zai zauna yana jefa ƙoshiya a kan lalube, suna ta ƙyas-ƙyas. In sun tafi ya mayar da tabaransa, ya duba, ya shiga warware duk abin da ya saƙa.

"Su sun tafi da hoton masaƙi," ya ce mani ran nan, "ni an bar ni da saƙar makaho."

Na daɗe ina mamakin abin da ya sa mutum irin Yaya ya jure wannan. Daga baya na ji cewa matarsa ta taɓa ce mashi ya kore ni da baƙina. Ya ce, "Ƙyale shi. Tun da ya bar aiki ban ga ya yi wanka da safe ya kafa hula ba sai yanzu." Ashe duk wannan zama a kan buzu da ciwon baya, don ƙaninsa tsoho ya sami dalilin kafa hula ne.

Faɗanmu ya zo ne bara, bayan damina. Wani Alhaji da ya daɗe a ƙasashen waje ya gina gidan saukar baƙi can wajen Kambarawa, yana bi gida-gida yana tara tsofaffin ƙore da takubba da akusa zai ƙawata wurin. Ni ke yi mashi jagora. Muka shiga gidan Yaya yana masallaci, na ja mutum har bakin tsakar gida, sai ga zugu a kan igiya, fari sol, iska na kaɗa shi. Alhaji ya tsaya cak. Ya shafa, ya ɗaga wa rana, ya ce bai taɓa ganin saƙa irin wannan ba. Ya ce mene ne wannan?

Da na ce likkafani ne, da magana ta ƙare a nan, domin Alhaji Musulmi ne, ya san abin da ake nufi. Amma bakina ya riga ya saba. Na ce lulluɓin amaren da ne, ya kai shekara ɗari biyu.

Ya ce a ba shi aro na mako ɗaya, na bikin buɗe gida. Ya ce kuma zai sa a kafa hotona a zauren karɓar baƙi, a rubuta a ƙasa: masanin tarihin Katsina. Jama'a, ku yi mani adalci. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ɗaukar fayil daga tebur zuwa tebur, a ce masani!

Da yamma na sami Yaya na kawo maganar a hankali, na bi ta hanyar ci gaba da raya al'ada.

"An riga an yi cinikinshi," in ji shi. "Mai shi na nan tafe, bai dai faɗi rana ba."

Na ce, "Haba Yaya, aro ne fa. Duniya ta ga aikinka. In an binne shi wa zai gani? Gara ce kawai za ta ci."

Ya ajiye ƙoshiya, abin da ban taɓa ganin ya yi a tsakiyar aiki ba.

"Shi ya sa na saƙa shi da kyau. Duk abin da na saƙa a duniya don idon mutane na yi. Wanga kaɗai ne ba don su ba. Ka ɗauke mani rediyo na yi shiru. Ka zare mani ido na yi shiru. Yanzu kuma ka biyo ni kabari da baƙinka? Daga yau kada ka ƙara kawo mani kowa."

Wata biyu muka yi ba abin da ke haɗa mu sai ina kwana, lafiya lau.

Sai ciwon ƙirji ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti, matarsa ta bi shi jinya, aka bar mani makullan gida, har da na adaka. Bikin Alhaji kuwa saura kwana uku. Shaiɗan bai sha wahala da ni ba, ko zama bai yi ba, a tsaye ya gama. Na je kasuwa na yanko farin yadi, har da neman ragi. Na buɗe adaka, na fitar da zugu, na naɗe yadin a cikin tsohon zanen na mayar. Na ce wa raina mako ɗaya ne, kafin a sallamo su na mayar da shi.

Mako ya wuce na je karɓa, aka ce Alhaji ya yi tafiya. Na koma, aka ce mai makullin sito ba ya nan. Kuma duk zuwan da na yi, ga hotona nan a bango da babbar riga, ma'aikata na ce mani Baba Masani, a zaunar da ni a kujera mai laushi a kawo lemo mai sanyi. Sai in ji maganar ta yi mani nauyi, in ce bari sai wani zuwan. Dogon ƙyallen rawani na gan shi an naɗe wani ginshiƙi da shi, an rataya ƙore a jiki. Sauran ban tambaya ba. Mako ɗaya ya zama wata huɗu. Yaya ya dawo gida yana kwance, kullum ina shiga gaishe shi, ina zaune a bakin gadon da adakar ke ƙarƙashinsa.

Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Aka sa jana'iza bayan azahar. Ana cikin salati sai babbar ɗiyarsa ta fito ta miƙo mani makullin adaka, ta ce, "Baba ƙarami, Inna ta ce a ba ka, wai kai ka san abin da ke ciki."

Ban tsaya fassara wannan ba. Na fita ba takalmi na buga ƙofar maƙwabcinmu mutumin Filato, domin shi ke da tsohuwar mota a layin. A hanya na gaya mashi komai. Muna fita ƙofar gari sai ya rage gudu.

"Malam Tafinta," ya ce, "ba don 'ya'yana biyar da mutumin nan ya ɗaure a bayan uwarsu ba, da a nan zan sauke ka ka ƙarasa a ƙasa."

Muka isa. Na wuce hotona ban gaishe shi ba. Na ce wa manajan gidan ina sauran saƙar da na kawo. Ya yi murmushi ya ce ai tana can tana aiki, baƙi na yabawa ƙwarai. Ya buɗe mana ɗakin cin abinci.

Tebur takwas. Kowane da nasa yanki. An sa almakashi an raba zaren shekara bakwai gida takwas, an kai wa tela ya dalmashe bakin da jan zare, har da tuntaye a kusurwa. Mutane na zaune suna cin abinci a kai. Nan manja ya ɗiga, can kofin shayi ya bar zobe, wani wurin wutar sigari ta huda. Wata mata tana shafa gefen nata da yatsun da ta gama cin kaza da su, tana gaya wa abokin zamanta yadda abin ya burge ta.

"Baba Masani, lafiya?" in ji manaja. "Ai kai ka ce kayan amare ne."

Ni da na yi shekara uku ina yi wa baƙi ƙarya da Turanci, ranar na faɗi gaskiya da Hausa, da ƙarfi: "Likkafani ne! Mai shi na can kwance ana jira!"

Cokula suka tsaya. Manaja ya dafe kai yana salati, ya shiga janye farantai da hannunsa, maƙwabcina na tattara ƙyallaye yana ninkewa kamar yana ɗaukar jariri. Waɗanda ba su jin Hausa suka tambaya aka gaya masu. Wasu suka tashi suka fita. Ɗaya kuwa, wani mai gajeren wando, ya miƙe ya ɗaga waya yana ɗaukata ina kuka. Ban ga laifinsa ba. Ni na koya wa irinsa cewa duk abin da ke garin nan na kallo ne.

Muka kwance rawani daga ginshiƙi muka kamo hanya. Mun iso an gama wanka. Na zube kayan a gaban liman a cikin zaure, na faɗi abin da ya sawwaƙa. Ya ɗaga yanki ɗaya ya duba, ya ɗaga na biyu, ya ajiye.

"Waɗannan sai an wanke, an shanya, an farke, an sake haɗawa. Gawa ba ta jiran ɗinki. A kawo abin da ke cikin adaka. Rawanin dai da tsarkinshi, a sa mashi."

Haka aka yi. Mutumin da ya tufatar da rabin Ƙofar Marusa ya tafi a cikin yadin kanti, wanda ƙaninsa ya saya da ragi. Ina cikin waɗanda suka sa shi a makwancinsa. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa haƙurin da ya yi da ni ya zame mashi tufa a ranar da kowa zai tashi ba tufa. Ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa dangana. Ni kuma a taya ni da addu'a, na fi shi buƙata.

Sai ranar bakwai na iya shiga cikin gida. Matar Yaya na takaba, tana zaune a bayan labule. Na durƙusa a bakin ƙofa, na yi gaisuwa ta amsa, na fara jero bayani tun daga ranar da Alhaji ya zo.

"Tafinta, rage wa kanka wahala," ta ce. "Tun ranar da muka dawo daga asibiti na sani. Na jawo adaka na ɗaga ƙunshin na ji. Hannun da ya yi shekara bakwai yana murza zare ne ba zai san nauyinshi ba?"

Na ce, "Shi fa? Ya sani?"

"A ranar na gaya mashi. Na ce bari in aika a kira ka. Ya ce in yi shiru, za ka mayar. Ya ce in ma ba ka mayar ba, ƙasa ba ta tambayar wa ya saƙa, kada a tozarta mashi ƙane yana kwance. Amma duk Juma'a, in ka gaishe shi ka fita, sai ya ce mani, duba ki gani, ya kawo?"

Na rasa inda zan sa idona, sai na juya ga tsakar gida. Ga su nan a kan igiyar da Yaya ke shanya su, guda takwas, an wanke, an farke jan zaren da tuntayen. Manjan dai bai fita ba.

Ai da mai hankali ne sai ya tashi ya tafi. To amma hali zanen dutse. Na gyara murya, na ɗauko muryar wasanmu ta da, na ce, "To matarmu, tunda abin ya riga ya faru, waɗannan fa kada su lalace a banza. Da za ki ba ni, sai in sa a yi masu gilashi a rubuta sunan Yaya a ƙasa, duk baƙon da ya zo ya gani. Ai ka ga ba za a manta da shi ba."

Labule bai motsa ba.

"Suna da mai su," ta ce. "Da na fita takaba zan haɗa su da hannuna in sa a adaka. Naka ne, Tafinta. Ai kai ka san darajar abin da baƙi suka ci abinci a kai. Ranar da za a naɗe ka a ciki, sai a kira su su zo su ɗauki hoto. Abu ɗaya kawai ke damuna: ranar ba mu da tafinta."